Kura da Jiran Garke: Darasin Sarakunan Turkawa ga Mutanen Iyaka

Sau biyar ke nan tun samun ƴancin kai sojoji suna karɓe mulki a Nijar: ranar 15 ga Afrilun 1974, da 27 ga Janairun 1996, da 9 ga Afrilun 1999, da 18 ga Fabrairun 2010, da kuma 26 ga Yulin 2023. Kowane karo, kafin sanarwar rediyo ta gama zagaya ƙasa, akan ji magana iri ɗaya a rumfunan kasuwar Gaya, da tashar motar Karakara, da ƙarƙashin inuwar ofisoshin Doso, wato ƴan siyasa sun ɓata, gara mai bindiga ya zo ya gyara. Masu faɗin haka suna da hujjarsu. Ma'aikacin da ya yi wata uku bai ga albashi ba, da ɗan kasuwar da ya ga kwangila ba ta zuwa ko'ina sai gidan ɗan jam'iyya, dole su gaji. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba ranar murna: in mai bindiga ya hau, wa zai sauke shi, ta wace ƙa'ida, kuma aljihun wa zai biya kuɗin hawan da na saukar?

Tambayar ta daɗe a duniya, kuma babu inda aka amsa ta dalla-dalla kamar tarihin sarakunan Turkawa da suka mallaki ƙasashen Musulmi, daga Hindu har Masar, tsakanin ƙarni na 9 da na 16. Waɗannan mutane ba baƙi ba ne ga ƙasar Sudan. Sa'ad da Mansa Musa na Mali ya sauka Alƙahira a shekarar 1324 kan hanyarsa ta hajji, sarkin da ya karɓe shi, Nasiru Muhammadu, ɗan wani Baturke ne da aka sayo yana yaro. Imam Gazali, wanda almajirai ke karanta littattafansa a zaurukan Kabi da Arewa da Dandi, ya koyar a makarantar da wazirin sarakunan Turkawa ya gina. Jarumai ne na gaske, sun gina masallatai da asibitoci, sun kare garuruwa. Amma daulolinsu sun yi ta faɗuwa ta hanya ɗaya, domin sun iya cin mulki da takobi ba su taɓa kafa ƙa'idar miƙa shi ba, kuma fatake da ma'aikata ne suka riƙa biyan diyya.

Dogarin da ya zama mai gida

Farkon labarin a Bagadaza yake. Halifa Mu'utasim, wanda ya hau a shekarar 833, bai amince da rundunar da ya gada ba, domin ta sha shiga rikicin sarauta tsakanin yayyensa Aminu da Ma'amunu. Sai ya riƙa sayen samarin Turkawa ta hanyar Samarƙand, ana horar da su hawan doki da harbin baka, bisa tunanin cewa wanda ba shi da dangi a gari, ba ya jin harshen gari, ba shi da kowa sai ubangidansa. Mutanen Bagadaza suka kasa zama da su, dawakinsu na banke jama'a a tituna, ana ta kai ƙara, har a shekarar 836 halifa ya kwashe fadarsa da dakarunsa ya gina sabon birni, Samarra, kimanin kilomita 125 arewa da Bagadaza. Wato ya nisanci talakawansa don ya kwana lafiya a tsakiyar masu tsaronsa.

Shekara ashirin da biyar bayan haka, cikin watan Disamban 861, dogaran nan suka shiga wa ɗansa Halifa Mutawakkil da dare suka kashe shi, bayan sun ji yana shirin ƙwace gonakin wani babbansu mai suna Wasif. Daga nan zuwa 870 aka yi halifofi huɗu. Musta'in aka tuɓe shi aka kashe shi a 866. Mu'utazzu kuwa, a 869 sojoji suka zo neman albashinsu, baitulmali ba kome, suka jawo shi waje suka tsai da shi a rana har ya yarda ya sauka, ya mutu a tsare bayan ƴan kwanaki. Muhtadi ya bi sahunsu a 870. Ana cikin wannan hali Ahmadu ɗan Tulun, wanda shi ma ɗan bawa Baturke ne, da aka aika Masar a 868, ya mai da ƙasar ta gidansa, harajinta ya daina isa fada yadda aka saba. Basra, babbar tashar jiragen ruwa ta fataken Iraƙi, ƴan tawaye suka ƙone ta a 871, babu rundunar da ta iya hana su.

Laifin ba a jinin Turkawa yake ba. Sarkin da ya ji tsoron mutanensa har ya tara wa kansa rundunar da ba ta amsa wa kowa sai shi, shi ya ba kura jiran garke. Wanda ya tuna cewa dakarun tsaron fadarsa ne suka harbe Janar Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin saman Yamai a 1999, kuma shugaban dakarun tsaron fada ne ya tsare Muhammadu Bazum a 2023, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan Samarra.

Ganima ba ta ciyar da ƙasa

A gabas, a birnin Buhara, sarakunan gidan Saman sun yi irin wannan saye na bayi mayaƙa. A shekarar 961 sarkinsu ya rasu, babban kwamandansu Alptigin ya goyi bayan ɗan takarar da bai samu ba, sai ya kwashi mutanensa ya tafi Gazna, cikin ƙasar Afganistan ta yanzu. Daga gidan nan ne aka samu Sultan Mahamudu, wanda ya yi mulki daga 998 zuwa 1030. Kusan kowace shekara sai ya kai yaƙi ƙasar Hindu, ya komo da zinariya da bayi da giwaye, mafi shahara shi ne harin Somnat na 1026. Fadarsa ta cika da malamai da mawaƙa, har masanin nan Biruni a can ya zauna.

Amma runduna mai girma irin wannan ciki gare ta. Shekarar da ganima ta yi ƙaranci, sai a juya kan talaka da ɗan kasuwa. Lardin Hurasan, mai manyan garuruwan ciniki kamar Nishabur da Marw, shi ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Baihaƙi, wanda magatakarda ne a fadar, ya rubuta yadda wani gwamna mai suna Suri ya riƙa tatsar attajirai da manoma yana aika wa Sultan Mas'udu, ɗan Mahamudu, kyaututtuka don ya tsare kujerarsa. Da makiyayan Turkawa na gidan Saljuƙ suka gangaro daga arewa suna cinye gonaki suna tare ayari, manyan garuruwan suka yi lissafi irin na ƴan kasuwa: sarkin da ke karɓar haraji bai tsare hanya ba, ina amfaninsa? A 1038 Nishabur ta buɗe ƙofofinta ba tare da faɗa ba. A 1040, a Dandanƙan kusa da Marw, Saljuƙawa suka tarwatsa rundunar Mas'udu, wadda ƙishirwa da yunwa suka riga suka gama da ita. Kafin shekara ta zagayo sojojinsa sun wawashe taskarsa a hanyar Hindu, sun tuɓe shi, an kashe shi.

Wani labarin ya fi wannan kusa da zuciyar mutumin iyaka. A shekarar 1218 ayarin fatake kimanin 450, galibinsu Musulmi, ya taso daga ƙasar Jangis Han, sarkin Mongol, ya iso Otrar, garin iyakar daular Hawarizm, wadda ita ma asalinta wani bawa Baturke ne da aka ba gwamna. Hakimin garin, Inalcuk, ya ce ƴan leƙen asiri ne, ya kashe su, ya kwashe kayansu. Jangis Han ya aiko manzanni a ba shi hakimin a kashe magana. Sultan Muhammadu bai iya ba, domin hakimin dangin mahaifiyarsa ne, manyan kwamandojin rundunarsa kuma duk daga ɓangarenta suke, in ya taɓa ɗaya sauran za su juya masa baya. Sai ya kashe manzo guda, ya sa aka aske gemun sauran. A 1219 Mongol suka shigo, a 1220 Buhara da Samarƙand suka faɗi, Sultan ya mutu yana gudun hijira a wani tsibiri cikin tekun Kasbiya. Daular da ta kai daga Iran har Turkistan ta rushe saboda sarkinta ba shi da ikon hukunta hakimi guda da ya ci amanar fatake.

Ranar da sarki ya mutu

Saljuƙawan da suka ci Dandanƙan sun kai matsayin da ba Baturken da ya kai kafinsu. Tugril ya shiga Bagadaza a 1055, halifa da kansa ya maraba shi don ya raba shi da sarakunan gidan Buwaihi da suka danne shi. Alp Arslan ya kama Sarkin Rum da hannu a yaƙin Manzikart a 1071. A zamanin Malik Shah, daga 1072 zuwa 1092, ikonsu ya tashi daga bakin tekun Sham har iyakar Turkistan. Amma wanda ya riƙe ragamar wannan ƙasa kusan shekara talatin ma'aikaci ne mai alƙalami, Nizamul Mulki, Bafarishe ɗan garin Tus. Shi ya tsara haraji, ya ɗauki magatakarda, ya buɗe makarantar Nizamiyya a Bagadaza a 1067 don a samu alƙalai da ma'aikata masu horo, kuma shi ya naɗa Gazali malami a can a 1091. Littafinsa na Siyasatnama cike yake da gargaɗi a kan hakiman da ke zaluntar manoma da wajabcin sarki ya zauna ya saurari ƙara da kansa.

Abu biyu ne waziri bai iya gyarawa ba. Na farko, da yake kuɗin baitulmali ba ya isar albashin dakaru, akan ba kwamanda wani yanki ya karɓi harajinsa a madadin albashi, abin da ake kira iƙɗa'i. Muddin sarki na da ƙarfi, ana iya karɓe yankin a ba wani. Da ƙarfin ya ragu, kowane kwamanda ya mai da nasa yanki gado, manomi da mai jaki suka zama abincinsa. Direban kamyon da ya taɓa ƙirga shingayen da ke tsakanin Kwatano da Yamai, ko tsakanin Kamba da Birnin Kabi, ya san yadda abin yake idan aka bar mai kaki ya nemi cefanensa a kan hanya.

Na biyu shi ne gado. A al'adar Turkawa ƙasa dukiyar gidan sarauta ce baki ɗaya, kowane ɗa da ƙane da baffa yana ganin yana da rabo, babu wata rubutacciyar doka da ta ce ga wanda zai hau. A watan Oktoban 1092 aka soke Nizamul Mulki da wuƙa, bayan wata guda Malik Shah ya rasu. Matarsa Turkan Hatun ta ɓoye mutuwar, ta raba wa kwamandoji dukiya don su naɗa ɗanta Mahamudu, yaron da bai wuce shekara biyar ba. Babban ɗa, Barkiyaruƙ, ya ja daga. Baffansu Tutush ya taso daga Sham, aka kashe shi a 1095. Wani ƙanen, Muhammadu, ya ɗauki takobi, aka yi ta gwabzawa har 1104. Kowane ɓangare sayen sojoji yake yi da filaye da harajin garuruwa, sojojin kuma suna canja sheƙa duk sa'ad da wani ya ƙara farashi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A daidai waɗannan shekaru mayaƙan Nasara daga Turai suka iso Sham. Ridwan na Halab da Duƙaƙ na Dimashƙa ƴaƴan Tutush ne su biyu, amma gabar da ke tsakaninsu ta hana su haɗa runduna, kowa ya je shi kaɗai aka kore shi. Antakiya ta faɗi a 1098, Ƙudus a 1099. Baƙon bai fi su yawa ba, ya same su ne suna rabon gado da takobi.

Hujjar masu son kaki

Masu goyon bayan mulkin soja suna da misalin da za su kawo, kuma adalci ne a saurare su. A Masar, bayin Turkawa da Sultan Salihu Ayyuba ya sayo, waɗanda ake kira Mamluk, su suka karya rundunar Luwi na Tara, sarkin Faransa, a Mansura a 1250. A wannan shekara suka kashe magajin ubangidansu, Turan Shah, suka karɓi mulki. Da Mongol suka rushe Bagadaza a 1258 suka kashe halifa, babu wanda ya iya tsayawa gabansu sai waɗannan sojoji, waɗanda suka ci su a Ainu Jalut ranar 3 ga Satumban 1260. Daularsu ta kai shekara 267. Sun tsare hanyar hajji, sun gina asibitin Ƙalawun, Alƙahira ta zama matattarar malamai, har Shaihu Suyuɗi ya rubuto wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha daga can. Ashe ke nan, in ji su, akwai ranar da ƙasa ba ta da mafita sai soja.

Gaskiya ne, ranar yaƙi soja ake nema, kuma ba mai hankalin da zai raina jinin da dakaru ke zubarwa don kare ƙauyuka. Sai dai a karanta labarin har ƙarshe. Ƙuɗuz, wanda ya jagoranci nasarar Ainu Jalut, bai koma Alƙahira da rai ba, abokinsa Baibaras ya kashe shi a hanya cikin watan Oktoba, ya hau kujerar. Bayan rasuwar Nasiru Muhammadu a 1341, ƴaƴansa da jikokinsa goma sha biyu aka ɗora aka sauke cikin shekara arba'in da ɗaya, yawancinsu yara, kwamandoji na juya su. Kowane sabon sarki kuma sai ya biya dakaru kuɗin mubaya'a kafin su yarda da shi, kuɗin kuwa daga kasuwa ake samo shi.

A ƙarni na 15, lokacin da sarautar take hannun bayin da ake sayowa daga ƙasar Sarkasiya, tsarin bai canja ba, yunwar baitulmali ce ta ƙaru. Sultan Barsabai, wanda ya yi mulki daga 1422 zuwa 1438, ya mai da cinikin masoro da sukari na fada kaɗai, shi ke saye shi ke sa farashi. Fataken Karimi, waɗanda suka yi ƙarnoni suna dakon kayan yaji daga Hindu da Yaman zuwa Iskandariya, suna ba sarakuna rance, suka durƙushe. Da jiragen Fotugal suka zagaya Afirka suka isa Hindu a 1498, Masar ba ta da sauran attajiran da za su yi gasa da su. A 1516 Sultan Salim na Santambul ya zo da igwa da bindiga, gwamnan Halab, Hayir Bek, ya janye mutanensa ana tsakiyar faɗa a Marju Dabiƙ, a 1517 aka rataye sarkin Mamluk na ƙarshe a ƙofar Alƙahira. Rundunar da ta ceci ƙasa a 1260 ta shagala da siyasar fada da tara dukiya har ta kasa aikin da aka san ta da shi.

Abin da ya faru a ƙofar gida

Kada mutumin Karakara ko na Gaya ya ɗauka wannan ciwon mutanen gabas ne kaɗai. Ƙasar da yake takawa ta ga irinsa. Askiya Muhammadu kwamanda ne na Sonni Ali, ya karɓe mulkin Songai da yaƙi a 1493, ya je hajji ta Alƙahira ta Mamluk, ya tsara ƙasa tsari mai kyau, amma bayan kimanin shekara talatin da biyar ɗansa Musa ya tuɓe shi. A shekarun 1516 zuwa 1517, daidai lokacin da Masar ke faɗuwa, Kanta na Leka ya raka Askiya yaƙin Agadas, aka hana shi rabonsa na ganima, ya yi tawaye, ya kafa daular Kabi wadda kufan birninta, Surame, ke nan har yanzu cikin jihar Sakkwato.

A 1588 kuwa rikicin da ya karya Songai a tashar jiragen ruwa ya fara. Kabara-farma, mai karɓar kuɗin fito a Kabara kusa da Tumbutu, ya yi saɓani da Balama Sadiƙu, kwamandan sojan yankin kuma ɗan sarki, a kan wani tufafi da aka ce an sace. Balama ya kashe shi, ya ja rundunar yamma ya nufi Gawo neman sarauta, aka yi yaƙin basasa, aka hallaka manyan mayaƙa. Shekara uku bayan haka, a 1591, Judar Basha ya ƙetaro hamada da ƴan dubban ƴan bindigar Maroko ya ci Songai a Tondibi. Waɗanda suka tsira suka gangaro Dandi, inda Askiya Nuhu ya ci gaba da turjiya. Zuriyarsu suna nan a bakin kogi, maƙwabta ne kuma abokan ciniki.

Wa ke biya?

Yankin Gaya da hanya yake rayuwa. Tun kafin zuwan Nasara ayarin goro na Gwanja ke ƙetare Kwara a wannan yanki, gishirin Foga kuma yana shiga Kabi da Borgu a bayan jakuna. Daga baya gadar Gaya da Malanbil ta zama maƙogwaron ƙasa, dilolin gwanjo da buhunan shinkafa suna sauka a manyan shagunan Gaya suna bi ta Kamba. Saboda haka duk abin da aka ƙulla a fadar Yamai ko ta maƙwabta, a nan ake fara jin zafinsa. Da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya a 1984, ba a kuma buɗe su ba sai 1986, abin ya haɗu da fari, har talakawan Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. Bayan juyin mulkin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga Yuli, ɗaruruwan kamyo suka yi jerin gwano a Malanbil, kaya na ruɓewa, fasinja da ƴan dako suka koma kwalekwale. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma shekarar ta ƙare gada tana rufe daga gefen Nijar, kayan ƙasa suna zagayawa ta Lome da Burkina da rakiyar soja, kuɗin zagayen kuwa a farashin mudu yake fitowa. Waɗanda suka yi juyin da waɗanda suka sa takunkumin babu wanda ya kwana da yunwa a cikinsu.

Ba daidai ba ne kuma a ɗora wa kaki laifin duka. Halifa ne ya sayo dogarai, halifa ne ya yi wa Tugril maraba. Taron ƙasa na 1991 ya ba Nijar hanyar zaɓe, aka bi ta a 1993, amma a 1995 shugaban ƙasa Mahamman Usman da firaminista Hama Amadu suka mai da zaman majalisar ministoci fagen kokawa har aikin gwamnati ya tsaya, alhali ma'aikata na bin bashin albashi, darajar sefa kuma an rage ta da rabi tun Janairun 1994. Ba'are ya shigo da sunan gyara, sa'an nan ya rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidaya a Yulin 1996. A 2009 Tanja Mamadu ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki don tazarce, ya buɗe ƙofar da aka shigo masa ta ita a 2010. Sai a ranar 2 ga Afrilun 2021, shekara sittin bayan ƴanci, zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki karo na farko, abin kuma bai kai shekara biyu da rabi ba. A 1999 da 2011 sojoji sun cika alkawari sun mayar da mulki, wannan abin yabo ne, amma ƙasar da zaman lafiyarta ya rataya a kan halin kirkin mutum guda mai bindiga tana zaune ne a kan sa'a.

Zaɓe ba ya tabbatar da cewa nagari zai hau. Amfaninsa shi ne kowa ya san ranar da za a sake lale, wanda ya faɗi ya san zai kwana a gidansa, ɗan kasuwa ya san zai iya yin odar kaya na wata shida ba tare da tsoron a wayi gari an rufe gada ba. Wannan ne abin da Nizamul Mulki, duk da hikimarsa, bai samar wa Saljuƙawa ba, shi ya sa aikin shekara talatin ya wargaje cikin wata guda.

Fatake da ma'aikata ba ƴan kallo ba ne a wannan sha'ani. Da kuɗin attajirai ake yin kamfe, da su kuma ake shirya gangamin goyon bayan duk wanda ya hau. Da alƙalamin ma'aikaci ake rubuta dokar da ke tsawaita wa'adi, da shi ake sa hannu a takardar da ke halatta ƙwace. Abin da ya kamace su su nema, daga farar hula ko daga mai kaki, bai wuce uku ba: rubutaccen wa'adi da wanda ke kan kujera ba zai iya taɓawa ba, albashin soja da na ɗan duwan da na jandarma ya fito daga baitulmali bisa kasafin da wakilan jama'a suka gani suka amince, kuma a daina mai da hanyar abinci makamin faɗan shugabanni. Alhajin da ya ba da gudummawa ba tare da ya gindaya waɗannan sharuɗɗa ba, da daraktan da ya sa hannu yana sane, kada su yi kuka ranar da abin ya juyo kansu, gama kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Fataken Otrar 450 ba su da hannu a gabar Sultan da mahaifiyarsa, ba su san ma da ita ba, kaya kawai suka ɗauko. Mutanen Gaya da Karakara da Kamba da Malanbil sun fi su sa'a da abu guda, wato sun ji labarin tun ayarinsu bai isa ƙofar gari ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.